Malaman kwaleji, ku turo mana ɗalibanku ƙauye su koyi rubutu

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana da shugabannin kwalejoji da jami'o'inmu na Jigawa da Kano, musamman malaman da suke koyar da kwas ɗin nan na rubutu da ake sa kowane ɗalibi yayi a shekarar farko, ko lissafi yazo karantawa ko aikin gona ko addini.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo, kuma nine sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, ba dan nafi kowa ba sai dan duk wanda aka miƙawa biro sai ya zame yace shi bai iya ba. To abinda nake gani kullum shine yaranmu suna can makarantu ana basu asayimen su rubuta wasiƙa zuwa ga wani ciyaman da babu shi a duniya akan wata matsala da aka ƙirƙiro a allo, alhali ga garuruwan da suka fito nan cike da rubutun da ake buƙata da gaske an rasa mai yi. Takardar koke, rahoton taro, jerin sunaye, tsarin mulkin ƙungiya, sanarwar da za'a karanta a masallaci. Shawarata a taƙaice itace a haɗa biyun, a mayar da wani ɓangare na makin kwas ɗin rubutu ya zama sai ɗalibi yaje ya yiwa jama'a rubutun da zasu yi amfani dashi.

Dalilina kuwa, yaro baya koyon rubutu idan yasan babu wanda zai cutu in yayi kuskure. Yasan lakcara ne kaɗai zai karanta, shi kuma lakcara bawan Allah ga takardu ɗaruruwa a gabansa, abinda zai iya dubawa shine adireshi yana dama ko hagu, an sa kwanan wata, an rufe da gaisuwar da ta dace, shikenan ya bada maki ya ɗauki ta gaba. Yanzu kuma da waya tazo abin ya ƙara lalacewa, mutum ɗaya zai sa ChatGPT ta rubuta masa sai ajin gaba ɗaya su kwafa a guruf ɗin WhatsApp, a canza suna kawai. Wannan koyon iyo ne akan tabarma, ranar da aka jefa ka kogin Haɗeja zaka gane baka koyi komai ba.

Bari in baka misali da abinda ya faru a gabana. Famfonmu na sola ya tsaya, mata da yara suka koma jan ruwa a tsohuwar rijiya, aka zauna a ƙofar gidan dagaci aka ce a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma. Ina fama da zazzaɓi lokacin, sai aka baiwa wani matashi da ya gama NCE, yaro mai hankali wallahi, mai ladabi. Ya kawo takarda shafi biyu da Turanci mai nauyi, rabin shafin farko duk kirari ne ga ciyaman, irin ayyukan alherin da yake yi da yadda tarihi bazai manta dashi ba, sannan aka shiga bayanin muhimmancin ruwa ga rayuwar ɗan adam, wai ruwa shine rayuwa. To waye a sakatariya bai san ruwa yana da amfani ba? Amma a duk shafi biyun nan babu inda aka faɗi famfon wace unguwa ne, tun yaushe ya tsaya, meye ya lalace a jikinsa, shin injin da ke cikin rijiyar ne ya ƙone ko faifan solar ne aka sace ko tanki ne yake yoyo, gida nawa ne suke sha a wurin, kuma me muke so ayi mana, gyara ko sabo. Babu lambar wayar wanda za'a kira. Wanda zai karanta takardar a ofis ko yana da niyyar taimako bai san ta ina zai fara ba, sai dai ya sa ta a fayil.

Da na ɗan samu sauƙi muka zauna dashi a gindin darbejiya, na ce masa tashi kaje ka tambayi mai gadin famfon, ka kira makanikin da ya taɓa dubawa yace maka sunan abinda ya lalace da kuɗinsa a kasuwa, ka bi mai unguwa ku ƙirga gidaje. Ya dawo da yamma da bayanai a bayan kwalin taliya. Takardar da ta fito daga nan bata cika shafi ɗaya ba. Yace mani malam ai ba'a taɓa ce mana sai an fita an tambayo kafin a rubuta ba, mu dai tsarin wasiƙa aka koya mana. Kaga ba laifin yaron bane, kuma ni bazan ɗora laifin akan malamansa kai tsaye ba tunda nasan yawan ɗaliban da ake tara musu, tsarin ne a haka.

Na ambaliyar 2022 ma yafi wannan ciwo. Duk wanda yake yankin nan namu na Auyo da Kafin Hausa da Miga da Ringim har zuwa Haɗeja da Guri yasan abinda ruwa yayi a shekarar, shinkafa da gero da gidajen ƙasa duk suka tafi. Da aka ce kowane gari ya kawo sunayen waɗanda abin ya shafa, garuruwa da yawa abinda suka kai abin tausayi ne, an yago takarda daga littafin ɗan makaranta an jera sunaye, Musa Ibrahim uku a shafi ɗaya babu abinda ya bambanta su, wani an rubuta laƙabinsa wanda baya jikin katinsa na NIN, ba'a raba wanda ya rasa gida da wanda ya rasa gona da wanda ya rasa dabbobi ba. In tallafi yazo sai rigima ta tashi tsakanin 'yan uwa. Wannan aikin ɗaliban shekarar farko guda biyar da rula da littafi mai layi zasu yi shi tsaf cikin 'yan kwanaki, kuma abinda zasu koya a ciki na tsara bayani da tantance shi yafi handawut ɗin semesta guda.

Kada wani yace wannan sabon abu ne da bamu saba dashi ba. Ɗalibin NCE baya karɓar satifiket sai yayi koyarwar gwaji a makarantar gaske da yara na gaske. Na foliteknik yana zuwa SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu da kamfanoni. Masu karatun likita da aikin jinya ana turasu asibitocin karkara. Masu bautar ƙasa, tun da gwamnatin Gowon ta kafa NYSC a 1973, suna da ranar da suke warewa a mako domin aikin raya al'umma. To meyasa rubutu ne kaɗai aka yarda a koya a cikin ɗaki? Su masu bautar ƙasa ɗin ma basa toshe wannan giɓin, sun riga sun gama karatu babu malamin da zai bi bayansu da jan biro, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo mana basa jin Hausa balle su zauna da tsoho su ɗauki maganarsa.

A Amurka abin ya daɗe. A 1985 shugabannin jami'o'in Stanford da Georgetown da Brown suna cikin waɗanda suka kafa wata haɗaka mai suna Campus Compact dan a riƙa haɗa karatu da hidimar jama'a, daga baya jami'o'i ɗaruruwa suka shiga. Malamansu na rubutu sukan raba aikin kashi uku, akwai ɗalibi yaje yayi hidima ya dawo yayi rubutu akan abinda ya gani, akwai ya rubutawa wata ƙungiya takardar da take buƙata, akwai kuma ya zauna tare da mutanen su rubuta tare. Ni a ganina na farkon nan bashi da amfani sosai a wurinmu, domin ƙauyawa sun gaji da zama abin nazari, an zo an yi mana tambayoyi an cike fom an ɗauki hoto an tafi yafi a ƙirga, bamu taɓa ganin ko kwafin abinda aka rubuta ba. Na biyu da na uku muke so. Mu da muka gaji aikin gayya daga iyaye da kakanni ba sai an je Amurka an koyo mana amfanin taron dangi akan aiki ɗaya ba, kuma iyayenmu sun ga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 lokacin da duk wanda ya iya karatu yake koyar da na kusa dashi, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980 lokacin Jigawa tana cikin Kano, har hukumar ta samu lambar yabo daga UNESCO. Abinda ya rage kawai a sa abin cikin manhaja a bashi maki, domin ɗalibin yanzu abinda babu maki a jikinsa baya kallonsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Yadda nake ganin za'a yi ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba shine kowa yayi a garinsu ko mazaɓarsu. Jigawa tana da mazaɓu 287 a ƙananan hukumomi 27, Kano tana da 484 a ƙananan hukumomi 44, da wuya ka samu mazaɓar da bata da ɗa ko 'ya a wata kwaleji, ko ta ilimi da ke Gumel ko jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa ko ta tarayya a Dutse ko foliteknik ɗin Kazaure da na Haɗeja, wasu kuma suna Bichi da Kumbotso da Wudil da Ɗambatta. Malami ya kasa su rukuni-rukuni bisa inda suka fito, ya basu takardar gabatarwa zuwa ga dagaci, su je a hutun tsakiyar zango ko ƙarshen mako su tambayi kwamitin makaranta na SBMC ko kwamitin lafiya na mazaɓa ko ƙungiyar manoman shinkafa ko ta masunta, wane rubutu kuke buƙata? Su ne zasu faɗa, ba ɗalibi zai zo da nasa a aljihu ba. Rukuni na mutum biyar takarda ɗaya zasu kawo, kaga aikin dubawa ma ya ragu wa malami.

Amma ga sharaɗin da in aka cire shi gara a bar abin gaba ɗaya. Kafin a bada maki dole a koma a karantawa masu takardar ita a bayyane da Hausa, a gaban shaidu, su ce eh haka muka ce. Nan ne ake gane marubuci. Na sha ganin haka wajen rubuta takardar jinginar gona, zaka rubuta abinka kana ganin ka gama, kana karantawa sai dattijo ya ɗaga hannu yace tsaya yaro, ba haka nace ba, ni cewa nayi ya noma damina uku ba shekara uku ba, noman rani nawa ne. Ko yace gabas ba da gonar wane tayi iyaka ba, da burtali tayi, kuma tsamiyar nan da ke tsakiya bata cikin jingina, 'ya'yanta na matata ne. Kalma ɗaya zata iya kai jikoki kotu bayan shekara ashirin. Ɗalibin da aka taɓa tsayarwa haka a gaban mutane sau ɗaya, har ya mutu bazai ƙara rubuta abinda bai tabbatar ba, kuma wannan babu wata manhajar waya da zata yi masa, domin ita bata san inda burtalin garinmu ya bi ba.

Sai maganar harshe, wadda nasan wasu malamai zasu ɗaure fuska. Kwas ɗin da Turanci ake yinsa, na yarda, kuma takardar da zata ofis da Turanci zata tafi. To amma jama'ar da aka yiwa rubutun Hausa suke ji, wasu Fulatanci, can wajen Birniwa da Guri akwai Mangawa da Badawa. Dan haka kowane aiki ya zama kwafi biyu, na Turanci dan ofis, na Hausa dan masu abin su ajiye. Kuma a duba na Hausar da gaske, a haɗa kai da sashen Hausa na kwalejin. Abin kunya ne yadda mai digiri yake rubuta Hausa yanzu, baya raba kalma daidai baya sa ƙugiya, wani in ka bashi sanarwar rigakafi ya mayar Hausa sai ya kawo maka abinda ko shi bazai gane ba in aka karanta masa a lasifika. Wanda ya iya bayyana abu da harshen uwarsa a fili, Turancinsa ma gyaruwa yake yi, na gani a 'yan ajina.

Nasan akwai haɗari, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Na ɗaya siyasa. Takardar koke a ƙauye wuta ce, yau ka rubuta akan rufin aji da iska ta yaye gobe a ce ɗan adawa ne ya turo ka, ko wani mai neman kansila ya karɓe takardar ya hau Facebook da ita. Dole malami ya duba kowace takarda kafin ta fita, kuma sa hannun shugabannin ƙungiya ne zai hau kai ba na ɗalibi ba, kuma a hana zagi da ambaton jam'iyya kwata-kwata. Na biyu, abinda ya shafi cinikin gona da rabon gado da aure kada a barwa ɗan shekarar farko shi kaɗai, ya zauna dai yaga yadda ake yi ya rubuta daftari, amma ƙarshen maganar na dagaci ne da malamai da kotu. Sannan sirrin mutane, wanda ya shiga gida ya rubuta sunan marar lafiya ko bashin da ake bin bazawara ba abin ɗorawa a sitatus bane. Kuma kada ɗalibi ya karɓi ko sisi, in an bashi fura ya sha. Kada kuma abin ya koma irin na zuwa da riguna iri ɗaya da bana a share bakin kasuwa a ɗauki hoto a watse, wannan mun gani mun gode.

Ɗalibai mata kuwa sune ma suka fi dacewa da wannan aiki, domin akwai rabin gari da ni sakatare namiji bana iya kaiwa gare su. Matan da suke adashi, masu yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu surfen shinkafa, da yawansu suna so suyi rajistar ƙungiyar gama kai dan su samu bashi ko injin niƙa amma abinda yake tsayar dasu shine takardu, sunayen mambobi da dokokin ƙungiya da rahoton zama uku ko huɗu da za'a nuna. Uwar adashi tana riƙe da lissafin mutum talatin a kanta bata taɓa kuskure ba, abinda take buƙata kawai yarinya mai biro da zata zauna kusa da ita. Ita kuma yarinyar zata koyi yadda ake rubuta rahoton taro daga taron gaske inda mutum biyar suke magana lokaci ɗaya ga yara suna kuka.

Ga manyan ɗalibai kuma 'yan shekara ta biyu da ta uku akwai aikin da yafi wannan. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai wadda ta baiwa kowane ɗan ƙasa damar ya rubutawa hukuma yana neman bayani, kuma doka tace a bashi amsa cikin kwana bakwai. Mu nan ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa shekara da shekaru, ita take jawo tsuntsayen jan baki su kwana a ciki su wayi gari a gonakin shinkafa, ga maganar lokacin da ake sako ruwa daga madatsun Tiga da Challawa. Manomi yana so ya san meye shirin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are na bana, yaushe za'a yi yashe, ta ina za'a fara. Tambaya ce ta halal, kawai babu wanda ya iya tsara ta a takarda yadda doka ta tanada. Akwai kuma tsofaffin takardun ajami a gidajen dagatai da limamai, wasiƙu da iyakokin gonaki da jerin sarautar gari, gara tana ci, ga ɗalibanmu da suka tashi a tsangaya sun iya karanta su, a sa su su kwafe su mayar boko, dattijan da zasu warware musu inda ya shige duhu kullum raguwa suke.

Edita kaima akwai naka a ciki. In da jaridarku zata ware ko rabin shafi a wata tana buga mafi kyawun abinda irin waɗannan ɗalibai suka rubuto daga ƙauyuka, da sunan ɗalibin da na makarantarsa, wallahi da kaga yadda zasu dage, kuma ku kanku zaku samu labaran da wakilanku basa kaiwa gare su.

Mu dai a namu ɓangaren mun tattauna a ƙungiya, dagaci ya amince, duk malamin da yake so ya gwada da rukuni ɗaya ko biyu a shirye muke. Akwai aji a firamare da za'a buɗe musu ranar Asabar da Lahadi, akwai benci, abinci kuma gidajen gari zasu ɗauka bi da bi. Yanzu haka muna da takardu uku da suke jira, ta rufin aji biyu da iska ta kwashe, da dokokin ƙungiyar masu noman rani, da sabunta rajistar gidaje kafin damina. Sai dai a zo da rani dan Allah, domin daga watan Agusta hanyarmu sai kwalekwale. Mai sha'awa ya biyo ta hannun Edita, na bar lambar wayata a wurinsa.

Nagode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin firamare,
daga ƙaramar hukumar Auyo, jihar Jigawa.